Yadda Ake Rubutu a Kan Jiki da Mutanen da Ke Zaune a Cikinsa

Duk mai karanta labaran Hausa, na littafi ko waɗanda ke yawo a WhatsApp da Wattpad, ya san wani jiki guda da marubuta ke ta ara a tsakaninsu. Doguwa ce, fara sol, mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya. In ta ji mugun labari gabanta ya faɗi, in ta ga masoyi tsikar jikinta ta tashi. Ƙafarta ba ta faso da hunturu, bayanta bai san ƙurajen zafi ba, wuyanta bai taɓa sagewa don ɗaukar bokitin ruwa ba. Shi ya sa kana rufe labarin take ɓace maka, domin ba ka taɓa haɗuwa da mai irin wannan jiki a gidanku ko a layinku ba.

Jikin da muke kwana muke tashi a cikinsa ya fi wannan labari nesa ba kusa ba. Kuma gidan yawa ne, mazaunansa da dama. Wanda ke durƙusawa gaban mahaifi kansa a sunkuye, da wanda ke daka wa yaran shago tsawa, da wanda ke kwance ido biyu cikin dare yana lissafin bashi, fata ɗaya ce ta rufe su, amma kowa da irin zamansa da muryarsa. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ita ce yadda marubuci zai bi ta jiki ya iske waɗannan mutanen, ya sa su a takarda. Ina cewa "ka", amma har da ke nake, 'yar'uwa, tunda mata ne suka fi riƙe alƙalamin labari a wajenmu.

Mataki na farko: ka zaɓi wuri ɗaya

Kada ka zauna da niyyar rubuta labarin rayuwarka. Ya yi faɗi, zai rinjaye ka tun a shafin farko. Ka zaɓi wuri ɗaya a jikinka wanda tafin hannu zai iya rufewa.

Ga lamba a damtsen hagu, tabon allurar BCG da ake yi wa jarirai saboda tarin fuka. Dattawa kuma da yawa suna da tasu mai faɗi, ta rigakafin agana, cutar da aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 1980. Ka ga damtsen kaka da na jika kowanne da zamanin da yake ɗauke da shi. Ga ƙunar salansar babur a ƙwauri, ga kanta a tafin hannun manomi, ga nankarwa a cikin macen da ta haihu, ga giɓin da haƙori ya bari.

Wanda ya fi ja na shi ne tsagar gado. Wanzami ne ya yi ta mai ita yana jariri, ba a shawarce shi ba, ta zama shaidar gidansu a fuskarsa har kabari. Da, kana ganin Bagobiri ko Babarbare ka gane shi kafin ya buɗe baki. Yanzu ana barin ta, har dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. To a gidaje da yawa uba yana da ita, ɗa ba shi da ita. Mutumin da ya san fuskarsa ce ta ƙarshe a zuriyarsu mai wannan zane, me yake ji ranar da 'yarsa ta sa yatsa tana bin layin tana tambaya wa ya ji masa ciwo? Wannan kaɗai labari ne cikakke.

In ka rasa wanda za ka zaɓa, ka lura da wurin da kake ɓoyewa in za a ɗauke ka hoto, ko wurin da hannunka ke kaiwa da kansa in ka yi nisa cikin tunani.

Mataki na biyu: minti 15, ba hukunci

Ka ɗauki biro da takarda, ka ajiye waya nesa, ka yi minti 15 kana rubuta abin da ido ya gani, hannu ya taɓa, hanci ya shaƙa game da wannan wuri. Girmansa nawa? Launinsa ya canza da shekaru? Yana ƙaiƙayi in hadari ya haɗo? Wa ya fara ganinsa? Wane wari ke ɗakin ranar da ka same shi?

A cikin waɗannan mintuna akwai kalmomin da na hana ka: kyau, muni, farin ciki, baƙin ciki, tsoro, da dukan ire-iren "gabana ya faɗi" da "hantar cikina ta kaɗa". Maganganu ne masu daɗi, kakanninmu da suka ƙirƙire su sun lura da jiki sosai, amma yawan amfani ya dushe su har mai karatu yana wuce su bai ji komai ba. In kana son cewa ka ji tsoro, ka tambayi jikinka abin da ya yi a lokacin. Wataƙila miyau ne ya ƙafe a bakinka. Wataƙila fitsari ne ya kama ka alhali yanzu ka fito daga bayi, ko ka tsinci kanka kana ta murza bakin rigarka. Shi za ka rubuta.

Mai jego da ta rubuta "na sha wahala a wankan jego" ba ta ba mu komai ba. Amma in ta ba mu tururin da ke tashi daga baho da asuba, da ganyen darbejiya da ke mannewa a baya, da kunun kanwa da ake tsare ta sai ta shanye, da yadda take ƙirga sauran kwanakin arba'in tana kallon wuta a murhu, to ko namiji ne ke karantawa zai ji fatarsa ta yi zafi.

Wannan minti 15 ɗin yana da asali. A wani bincike da aka wallafa a 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, da abokiyar aikinsa Sandra Beall, sun sa ɗaliban jami'a rubutu na minti 15 kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya taɓa girgiza su, suka haɗa abin da ya faru da abin da suka ji, zuwansu asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya bai kai na sauran ba. Sai dai binciken ya nuna cewa da zarar an ajiye biro, ran mutum yakan fi ɓaci na ɗan lokaci. Saboda haka in ka tashi daga rubutun ka ji jikinka a mace, ba wani abin mamaki ba ne. In kuwa abin da ka tono ya hana ka barci ko cin abinci kwana da kwanaki, ka ajiye shi ka nemi wanda za ka yi magana da shi, aminin da ka yarda da shi ko likita. Labarin zai jira ka.

Mataki na uku: ka jera sunayenka

Nan ne muka fi mutane da yawa sa'a, domin da wuya ka sami Bahaushe mai suna ɗaya. Akwai sunan yanka. Akwai na rana, Laraba ko Jummai ko Ɗanladi. Akwai wanda yanayin haihuwa ya jawo: Tanko da ya biyo mata, Kande da ta biyo maza, Gambo da ya biyo tagwaye, Auta da ya rufe ƙofa. Akwai na alkunya, in an mayar da sunan kaka, a riƙa kiran jaririya Ummi ko Hajiya, a kira yaro Abba ko Baffa, don bakin iyaye ba zai iya furta ainihin sunan ba. Sai laƙabin makaranta, da sunan wurin aiki, da "Maman wane" da aure ya kawo, da sunan da ka raɗa wa kanka a Facebook. Wani ɗan fari ma ya girma bai taɓa jin sunansa daga bakin mahaifiyarsa ba.

Ka rubuta su duka a gefen takarda. A gaban kowanne ka amsa tambayoyi iri ɗaya, kuma duk game da jiki: wa ke kiran ka da shi? In ka ji shi, yaya kake amsawa, da ƙarfi ko can ƙasa? Ina kake kai idonka? Yaya kake zama, me hannuwanka ke yi? Me kake sanye da shi?

Ga misalin da na tsara don a ga yadda yake fitowa. Mace ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya:

"Ummi ba ta hawa kujera in Baba yana tsakar gida. Gefen tabarma take samu ta naɗe ƙafafu, in ta yi magana sai an ce ta maimaita. Sista kuwa tun daga ƙarshen baranda ake jin takunta, kuma hannunta ba ya rawa in ta kama jijiyar jariri. Maman Abba kafaɗarta ta hagu a karkace take, don nan yake kwantar da kansa. Sunan yankan nata, yanzu a takardar albashi kawai take ganinsa."

Ban ce tana da ladabi ba, ban ce ta iya aiki ba, ban ce wani abu ya ɓace mata ba. Mai karatu ya gano duk wannan da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zauna masa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana. Marubuci kuwa sai ya ƙara da tambayar gwiwa da kafaɗa da tafin ƙafa.

Sannan ka koma kan wurin nan da ka zaɓa a matakin farko, ka duba: a cikin waɗannan mutanen, wa ke ɓoye shi, wa ke nuna shi, wa ya ma manta da shi? Galibi a nan ne rubutun ke kama wuta.

Mataki na huɗu: ka haɗa biyu su yi magana

Ka ɗauko biyu daga cikinsu waɗanda ba sa jituwa, ka zaunar da su wuri ɗaya, ka ba su matsala ta gaske.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wajen wanda ya yi karatun allo. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf aya ta 53, da rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama aya ta 2, da rai mai natsuwa a Suratul Fajri aya ta 27. Mun taso muna cewa "wata zuciyar ta ce min in tafi, wata ta ce in zauna". Abin da ya rage wa marubuci shi ne ya ba kowace zuciya baki da hujja.

Ka ɗauki saurayin da ya karɓo sakamakon gwajin jini. Tun 2024 doka a Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin da ke nuna sikila. Takardarsa ta ce AS, ta yarinyar ma AS, ma'ana a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. A cikinsa akwai masoyin da ya yi shekaru yana zuwa zance. Akwai kuma yayan da ya sha kwana a asibiti yana danna wa ƙaninsa ƙafafu lokacin sanyi, yaron na kuka cewa ƙasusuwansa ake sara. Ka bar su su yi gardama. Masoyin ya kawo maganar tawakkali, yayan ya amsa masa da abin da tafin hannunsa ya sani.

Tarkon da ke nan shi ne wa'azi. Da yawanmu muna gaggawar sa na kirki ya yi nasara tun a layi na uku, don kada a ce mun goyi bayan ɓarna. To in ka san wanda zai ci tun kafin a fara, mai karatu ma ya sani, sai ya daina sauraro. Ka ba wanda ba ka so hujjarsa mafi ƙarfi. Gaskiya ba ta jin tsoron a saurari abokin gardamarta.

Wata dabara mai amfani: ka ba ɗaya "na", ka ba ɗayan "ka" ko "ki". "Na ninke takardar na sa a aljihu. Kai kuwa sai fito da ita kake yi kana sake karantawa." Da wakilin suna kaɗai mai karatu zai riƙa gane mai magana ba sai ka yi ta sanarwa ba.

Mataki na biyar: ka bar gaɓa ta ba da shaida

Suratu Yasin aya ta 65 ta ba da labarin ranar da za a rufe bakuna, hannaye su yi magana, ƙafafu su ba da shaida. A Suratu Fussilat har mutane suna tuhumar fatunsu don me suka yi shaida a kansu. Darasin da marubuci zai ɗauka shi ne baki yana iya gyara zance, gaɓa kuwa abin da ta aikata ta sani.

Ka rubuta shafi ɗaya da muryar wurin da ka zaɓa. Misali: "Ni ne hannun dama. Ni na karɓi kuɗin na tura su aljihu, a daidai lokacin da baki ke cewa haba, da ka bar shi, ai ba komai." Kada ka sa gaɓar ta yi falsafa, aikinta ta faɗi abin da ta taɓa, abin da ta ɗauka, wanda ta mara, wanda ta shafa. Sau da yawa wannan shafin ba zai shiga labarin ƙarshe ba, amma zai tona maka inda kake yi wa kanka kwaskwarima.

Mataki na shida: kunya da sirri

Nan ne da yawa ke tsayawa, kuma ina ganin uzurinsu. An tarbiyyantar da mu a kan rufe jiki da rufe zancensa. Wasu kuma sun ɗauka rubutu a kan jiki shi ne batsa, don sun ga abin da ake sayarwa da sunan littafin ma'aurata. Ni a ganina masu batsa su ne suka fi kowa rashin kallon jiki, gaɓa biyu ko uku suka sani, su ma iri ɗaya ne a kowane littafi.

Harshenmu ya riga ya iya faɗin abu a sakaye kowa ya gane: tana fashin salla, ta yi ɓatan wata, tana da juna biyu, ta sauka. Ka yi aiki da wannan baiwa. Ka ɗauki mai yoyon fitsari, irin matan da ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Ba sai ka ambaci wata gaɓa ba. Ka nuna tabarmar da take shimfiɗawa nesa da mutane a gidan biki, da ledar da ke ƙarƙashin zanin gadonta, da yawan turaren da take yi, da yadda ta rage shan ruwa ko da bazara. Kunya ba ta hana ka komai a nan ba, ita ce ma ta tilasta maka lura da kyau.

Sai dai akwai iyaka, kuma dole ka shata ta da kanka. Ina ba da shawarar littafi biyu: ɗaya naka ne kai kaɗai, ka rubuta komai ba ragi, ɗayan shi ne wanda za ka ciro wa jama'a daga na farko. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma ka tuna tabonka yakan haɗa da wasu: wanda ya ji maka shi, wadda ta yi jinyarka, mijin da ya juya baya. Jikinka naka ne, asirinsu nasu ne. Ka canza gari da sana'a da yawan 'ya'ya har maƙwabci ya karanta bai gane ba, ko ka nemi izini. Sirrin shimfiɗar ma'aurata kuwa hadisi ya hana yaɗa shi, mayar da shi labari ba ya halatta shi in ana iya gane masu shi.

In kuma jikin da kake rubutawa ba irin naka ba ne, makaho ko gurgu ko zabiya, ka je ka zauna da mai shi ka saurara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina roƙon marubuta abu ɗaya: a daina ƙare labarin mugu da shanyewar ɓarin jiki ko makanta a matsayin sakayya. Akwai bayin Allah masu waɗannan larurori da ke karanta mu ko ake karanta musu, kuma ba su zalunci kowa ba.

Mataki na bakwai: gyara

Ka ajiye rubutun kwana biyu ko uku, sannan ka karanta shi da ƙarfi. Inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ke da matsala. Duk inda ka nuna abu da jiki sannan ka biyo da bayanin ma'anarsa, ka goge bayanin. Ka duba ɓ da ɗ da ƙ, domin a irin wannan rubutu bambancin ƙafa da kafa ba ƙarami ba ne.

Daga nan sai ka yanke siffar da zai ɗauka: gajeren labari, waƙa, ko wasiƙa daga wani sunanka zuwa wani. Mata suna da gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, kuma ana zaman karatu a ƙungiyoyin marubuta na jihohi, inda za ka ji yadda rubutunka ke sauka a kunnen wasu. Amma kafin nan ka ba mutum ɗaya da ka amince da shi ya karanta, ka yi masa tambaya ɗaya: a wane layi ka ji abu a jikinka? In ya sa yatsa ya nuna, ka bar wannan layin yadda yake, ka gina sauran a kansa. In kuwa ya ce "ya yi daɗi" kawai, ka koma mataki na biyu ka sake wasu minti 15.